GUDUN YADA-ƘANIN-WANI: TUNANI DOMIN LOKACIN AZUMI

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Yesu Kristi, muna gaishe ku da sunan Ubangiji, ku da kuke cikin garin Birnin Gwari, da ku da kuke ƙauyukan bakin daji, da ku kuma da tashin hankali ya watsa zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, waɗanda wannan takarda za ta iske ku a gidajen dangi. Allah ya ba mu ikon ganin ƙarshen wannan Azumi kamar yadda ya nuna mana farkonsa.

Kowace shekara muna ganin abu guda. Ranar Larabar Toka coci yakan cika har mutane su tsaya a bakin taga, kowa da toka a goshi, kowa da alkawarin da ya ɗauka a zuci. Wani ya ce ba zai sa kome a baki ba sai rana ta faɗi, har kwana arba'in. Wani ya ce kullum zai riga kowa zuwa addu'ar asuba. Amma kafin mako na uku, idan aka buga ƙararrawar Hanyar Gicciye ran Juma'a, ba ka ganin kowa sai iyayenmu na Zumuntar Mata da 'yan tsofaffi biyu ko uku, waɗanda tun farko ba a ji sun yi wani babban alkawari ba. Ina masu alkawarin suka tafi? Sun ɗauki tafiyar kwana arba'in da saurin tafiyar wuni ɗaya, numfashi kuwa ya ƙare.

Saboda haka muka ga ya dace mu yi tunani tare a kan dogon tsere, wanda Bahaushe ya raɗa wa suna gudun fanfalaki, ko kuma gudun yada-ƙanin-wani. Ku riƙe wannan suna na biyu a zuci, gama za mu komo gare shi.

Mu kanmu mun taɓa ɗanɗana wannan darasi da ƙafafunmu. Sa'ad da muke makarantar horon firistoci, akan fitar da mu gudu sau ɗaya a shekara, a zaga bayan gonaki a komo bakin ƙofa. A shekararmu ta fari muna ji da ƙuruciya, muna kuma so a san da zamanmu. Ana busa usur muka fita kamar an sako kibiya, muka bar kowa a baya, muna waiwaye muna jin daɗin tazarar da muka ba su. Ba mu kai rabin hanya ba sai haƙarƙari ya ɗauki ciwo, ƙafafu suka yi nauyi, muka durƙusa a gindin wata ɗorawa muna amai. Muna nan sai ga wani ɗan'uwa, gajere, wanda ba ya cikin waɗanda ake lissafawa a wasanni, yana tafe da ɗan gudunsa na sassarfa. Ya tsaya, ya kama hannunmu ya ɗaga mu, ya ce mu bi takunsa. Tare muka shiga ƙofa, kusan a ƙarshen kowa. Wannan kunya ta amfane mu fiye da lacca da yawa da muka zauna muka saurara a aji.

ABIN DA 'YAN TSERE SUKA SANI

Tsawon gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195. Wanda ya san hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, ta Buruku da Udawa, ya raba ta uku a zuciyarsa, kashi ɗaya ya yi kusa da wannan tsawo. Allah ya halicci jikin mutum da rumbu, wato wani abinci da yake ajiyewa a tsoka da hanta domin aiki mai tsanani. Rumbun nan ba shi da girma. Ga yawancin masu gudu yakan ƙare wajen kilomita 30 zuwa 35, wanda kuwa ya fara da gudun wuce sa'a yakan cinye nasa tun kafin nan. Idan ya ƙare, kome ƙarfin zuciyar mutum ƙafa ba ta ɗaguwa, ido yakan yi duhu, tunani ya rikice. Manomi ya san wannan lissafi sarai, gama wanda ya buɗe rumbu ya yi ta facaka da kaka, shi ne zai yi ta yawon rance a watan Agusta.

A shekarar 1954 aka yi wasannin ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila a birnin Bankuba na ƙasar Kanada. Akwai wani Bature mai suna Jim Peters, wanda a lokacin babu wanda ya taɓa gudun wannan nisa da sauri kamarsa a duniya. Ranar tseren an yi zafin rana ƙwarai, amma bai rage gudu ba. Ya iso filin wasa yana gaban na biye da shi da kusan minti 17, abin da ya rage masa bai kai zagaye ɗaya ba. A nan jikinsa ya ƙi. Ya faɗi, ya tashi yana tangaɗi, ya sāke faɗuwa, dubban mutane suna kallo cikin tausayi, har aka ɗauke shi bai kai ga layin ƙarshe ba. Wani ɗan Sikotilan mai suna Joe McGhee, wanda ya auna gudunsa da zafin ranar, shi ya zo daga baya ya ci. Peters bai ƙara shiga tsere ba har ya bar duniya. Da ya sassauta ko kaɗan da ya ci da tazara mai yawa, amma cin kaɗai bai ishe shi ba. Sauri ya haifi nawa, in ji magabata.

Ga kuma wani labarin dabam. A gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, John Stephen Akhwari na ƙasar Tanzaniya ya faɗi a tsakiyar hanya ya ji mummunan rauni a gwiwa. Aka ɗaure masa ƙafa, ya ci gaba yana ɗingishi. Mamo Wolde na Habasha ya riga ya ci, fiye da awa guda ta wuce, duhu ya yi, yawancin 'yan kallo sun watse, sa'an nan ya shigo filin, shi ne na ƙarshe cikin waɗanda suka gama. Da aka tambaye shi dalilin da ya hana shi dainawa, sai ya amsa cewa ƙasarsa ta aiko shi ne domin ya gama tseren, farawa kaɗai ba ita ce aikensa ba. Har yau ana tunawa da shi.

Ko wanda ya fi kowa gudu ma bai isa shi kaɗai ba. A watan Oktoba na 2019, a birnin Biyenna, Eliud Kipchoge na Kenya ya gama wannan nisa cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Amma 'yan tsere 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna gudu a gabansa da gefensa, suna tare masa iska, suna riƙe masa taku domin kada ya zarce ko ya gaza. Mutane ƙalilan ne suka san sunayensu, ba domin su ba kuwa da bai kai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

MASU GUDU A LITTAFI MAI TSARKI

Manzo Bulus ya san wasannin Helenawa, gama ana yin wata babbar gasa kusa da Koranti, inda ladan wanda ya ci rawani ne na ganye, wanda yakan bushe cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura ta 9, ya kwatanta rayuwar Kirista da tsere, ya kuma tuna musu irin horon da ɗan tsere yake yi wa jikinsa saboda ganyen da zai yanƙwane. Abin lura shi ne tsoron da ya bayyana a ƙarshen maganar. Shi da ya yi wa al'ummai wa'azi yana tsoron kada shi kansa a fitar da shi daga tseren. Idan Bulus ya ji wannan tsoro, wane ne a cikinmu, firist ko katekis ko shugaban kwamiti, zai ce ya riga ya iso?

Littafin Sama'ila na Biyu ya ba mu labarin samari biyu masu gudu, dukansu abin tausayi. Na fari shi ne Asahel, ƙanen Yowab, a sura ta 2. Saurinsa kamar na barewa ne. Ranar yaƙi ya zaɓi ya bi Abner, babban sarkin yaƙi na gidan Saul, domin a ce shi ya kama shi. Sau biyu Abner ya waiwayo ya gargaɗe shi ya rabu da shi, ya ƙi ji. Ƙafarsa ta kai shi inda ƙarfinsa bai kai ba, Abner ya soke shi da gindin mashi ya mutu nan take, jininsa kuwa ya zama sanadin gaba da ramuwa da suka ci rai a baya.

Na biyu shi ne Ahimawaz ɗan Zadok firist, a sura ta 18. Da aka kashe Absalom, Yowab ya aiki wani mutumin Kush ya kai wa sarki Dawuda labari. Ahimawaz ya nace shi ma sai ya yi gudu, ko da yake Yowab ya faɗa masa babu wani lada a wannan aike. Ya bi ta hanyar fili, ya wuce Bakushen, har mai tsaron hasumiya ya gane shi daga nesa ta irin gudunsa. Ya iso na fari, ya ba da albishir na nasara. Amma da sarki ya yi tambayar da ke cin zuciyarsa, wato lafiyar ɗansa, sai Ahimawaz ya kauce, ya ce ya ga hargitsi kawai. Sarki ya sa shi ya koma gefe ya tsaya. Bakushen da ya iso daga baya, shi ne ya faɗi gaskiyar da aka aike shi da ita. 'Yan'uwa, mu nawa ne muke gudun Ahimawaz? Muna so mu riga kowa magana a taro, mu riga kowa kai labari, mu riga kowa zama a kujerar gaba, alhali kuwa abin da jama'a suke bukata daga gare mu ba mu riƙe shi ba.

GUDUN DA MUKA SANI

Mutanen ƙasar Birnin Gwari ba sa bukatar a koya musu gudu daga littafi. Bahaushe ya ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, sa gudu kuwa ya zo mana. Dajin Kamuku, wanda aka mai da gandun daji na ƙasa a 1999, da dajin Kuyambana da ke haɗe da shi, inda iyayenmu suke samun zuma da itace da ciyawar dabbobi, sun zama mafakar 'yan bindiga shekara da shekaru. Ba mu manta da harin Gwaska na watan Mayu 2018 ba. Ba mu manta da yaran makarantar Kuriga ba, a kan iyakarmu da Chikun, waɗanda aka kora cikin daji da ƙafa a ranar 7 ga Maris 2024, aka yi fiye da mako biyu kafin a ga fuskokinsu. Kiristoci da Musulmi, Gbagyi da Hausawa da Fulani da Kamuku, babu wanda wannan wuta ta ƙyale.

Waɗanda suka yi gudun dare sun gaya mana abin da suka koya. Saurayin da ya zura da dukan ƙarfinsa cikin duhu, shi ne yakan faɗa rami, ko numfashi ya ƙare masa tun bai haye rafi na fari ba. Waɗanda suka kai gari da asuba su ne waɗanda suka tafi a haɗe, mai ƙarfi ya goya yaro, wani ya riƙe hannun tsohuwa, ana tafiya ana tsayawa ana saurare. Akwai kuma waɗanda suka tsira su kaɗai, har yau suna zuwa wurinmu da nauyin zuciya saboda wanda suka bari a baya. Ga irin waɗannan muna cewa, tsoro ba mugunta ba ne, jinƙan Allah kuwa ya fi wannan dare girma. Ku zo ga Sakramentin Tuba ku sauke kayan nan.

Yanzu mu komo ga sunan nan, gudun yada-ƙanin-wani. A filin wasa sunan ya dace, gama can wanda ya gaji akan wuce shi, ba a waiwaya. A cikin Ikilisiya kuwa ba mu da izinin yada ƙanen kowa, domin ƙanen wani ƙanenmu ne a cikin Baftisma. Littafin Farawa, sura ta 33, ya nuna mana haka. Bayan Yakubu da Isuwa sun shirya, Isuwa, wanda yake tare da mutum 400, ya ce su kama hanya tare. Yakubu ya ba shi haƙuri, ya nuna masa cewa akwai yara ƙanana da dabbobi masu shayarwa, idan aka matsa musu ko da wuni ɗaya ne garken zai hallaka, saboda haka shi zai bi a hankali gwargwadon takun yara da na dabbobi. Kowane makiyayi a ƙasar nan zai ce Yakubu ya yi gaskiya. Waliyi Benedikt, wanda ya rubuta ƙa'idar zaman sufaye a ƙasar Italiya a ƙarni na 6, ya kafa wa shugaban gidan sufaye misali da wannan hikima ta Yakubu, ya umarce shi ya tsara kome yadda masu ƙarfi za su sami abin da za su himmatu a kai, raunana kuma ba za su karai su gudu ba. Fataken dā da suke ratsa ƙasar nan da jakuna a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja neman goro, su ma da wannan ƙa'ida suke tafiya. Tafiya ce ta watanni, madugu kuwa yakan sa zango a inda jakin da ya fi rauni zai iya kaiwa.

TSEREN DA KE GABANMU

A ƙarshen shekarar 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da waɗansu daga cikin masu ɗauke da makamai, aka sāke buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta yi shekaru a rufe, mutane da yawa kuma suka soma komawa gonakin da suka bari. Kowane hali ake ciki a ƙauyenku ranar da kuke karanta wannan, abu ɗaya tabbas ne: gyaran abin da aka yi shekaru ana rushewa ba aikin damina ɗaya ba ne. A nan ne gaggawa da girman kai suke jiranmu a bakin hanya.

Ga magidancin da ya yi shekara biyar bai yi noma ba, yana so ya rama duka a shekara guda domin maƙwabta su ga bai mutu ba. Ya ci bashin taki da maganin feshi fiye da abin da gonar za ta iya biya, ya sayar da akuyar matarsa, ya cire yara daga makaranta su yi masa noma. Muna roƙonsa ya nome abin da hannunsa zai iya riƙewa bana, baɗi ya ƙara. Ga saurayin da ya ga sa'ansa ya sayi babur da kuɗin zinariya, ya bar koyon sana'a ya nufi ramin haƙa, ko kuma, Allah ya kiyaye, ya soma kai wa mutanen daji labari saboda 'yan kuɗin da zai samu yau. Wannan gudun Asahel ne, ƙarshensa kuwa mun riga mun karanta. Ga ƙauyen da yake so cocinsa ya fi na ƙauyen gaba girma, aka aza harsashi mai faɗi, aka ɗora wa kowane gida haraji har da gwauraye mata da marayu, shekara uku ginin yana tsaye a iyakar taga, mutane kuma sun soma ƙauracewa Lahadi saboda kunyar bashin da ake binsu. Gara rumfar ciyawa da kowa yake ciki da ginin siminti da ya kori matalauta. Girman kai rawanin tsiya ne, ko da a ƙofar coci aka naɗa shi.

Akwai kuma gaggawar da ta fi waɗannan ɓoyuwa, ita ce ta gafara. Kada wanda bai binne ɗansa ba ya tsaya a kan wadda ta binne nata yana ce mata ta yafe yau-yau, in ba haka ba ita ba Kirista ba ce. Ubangiji ya umarce mu mu gafarta, wannan ba ya canzawa, amma ga mai sabon rauni gafara doguwar tafiya ce. Yau ta iya daina fatan mugunta, wata shekara ta iya ambaton sunan mutumin a addu'a. Aikinmu shi ne mu bi takunta, kada mu ja ta da igiya, kada kuma mu bar ta a hanya.

ABINCI DOMIN HANYA

Annabi Iliya ma ya yi gudu. Bayan nasarar Dutsen Karmel ya sha ɗamara ya yi gudu a gaban karusar sarki Ahab har Yezreyel. Amma a sura ta 19 ta Littafin Sarakuna na Fari sai mu iske shi a jeji, a gindin wani itace, ya gaji har yana roƙon mutuwa, yana zaton shi kaɗai ya rage mai aminci a ƙasar duka. Ku lura da yadda Allah ya bi da shi. Bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da ruwa, har sau biyu, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Da wannan abinci ya yi kwana arba'in har Dutsen Horeb, a can kuma aka sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ashe ba shi kaɗai yake gudun ba. Ɗan tseren da ya raina wurin shan ruwa domin kada a wuce shi, zai faɗi a gaba. Haka Kiristan da ya ce aiki ya yi masa yawa, ba shi da lokacin zuwa teburin Ubangiji.

Saboda haka, a Azumin bana, Ikilisiya ba ta ɗora muku abin da ya fi ƙarfinku ba. Ta wajabta azumi ranar Larabar Toka da ranar Juma'ar da Ubangiji ya sha wuya, da ƙin cin nama a Juma'o'in Azumi, ta kuma ɗauke wa marasa lafiya da tsofaffi da yara nauyin azumi. Abin da za ku ƙara a kan wannan, ku zaɓi wanda za ku iya riƙewa har daren Ista, ku kuma yi shi ba tare da shela ba. Wanda ya riga ya karya alkawarinsa kada ya ce shi ke nan sai baɗi, ya tashi ya ɗaure gwiwa ya ci gaba. Kowane gida kuma ya dubi wanda ya rage a baya a unguwarsu, wanda ya daina zuwa coci tun da aka dawo, ya je ya ɗauko shi.

Da safiyar tashin Ubangiji, in ji Bisharar Yahaya sura ta 20, almajirai biyu suka yi gudu zuwa kabari. Wanda Yesu yake ƙauna ya riga Bitrus isa, ya sunkuya ya leƙa, amma bai shiga ba. Ya dakata har Bitrus, wanda ya yi musun Ubangijinsa sau uku kwana biyu da suka wuce, ya iso ya fara shiga. Sa'an nan shi ma ya shiga, ya gani, ya ba da gaskiya. Jiran da ya yi bai rage masa kome ba.

Mu yi addu'a. Ya Allah Uba, kai da ka san ƙarfinmu da iyakarsa, ka cire mana son a gan mu, ka koya mana takun da za mu iya riƙewa har ƙarshe. Ka kiyaye matafiya a hanyar Kaduna da ta Funtuwa, ka komo da waɗanda har yanzu suke tsare a daji, ka ta'azantar da masu makoki, ka juyo da zukatan masu ɗauke da makamai. Ka ba mu idon ganin ɗan'uwan da ya durƙusa a bakin hanya, da hannun da zai ɗaga shi. Maryamu Uwar Ikilisiya, ki yi addu'a dominmu. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.